Anti Tafireta da Na'urar Ɗaukar Magana

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ofis ɗaya da Anti Tafireta, ni ina aikin tafinta, ita tana buga bayanan shari'a. Ofishin namu yana bayan zauren kotu, ɗaki ne mai taga ɗaya, da kabad biyu na ƙarfe da ba sa rufuwa sai an tokare su da kujera, da fankar sama wadda in aka kunna ta sai kowa ya danne takardunsa da abin da ya samu. Sunan ya bi ta ne tun lokacin da take aiki da tafireta. Kwamfuta ta zo ta kori tafiretar zuwa saman kabad, amma sunan bai tashi ba. Har alƙalai da shi suke kiranta.

Ba aikin da ta so ba ne tun farko. Tana budurwa jinya ta so ta karanta, har ta fara, sai ranar da aka shiga da su ɗakin ɗinkin rauni ta faɗi sumammiya, aka bar mai raunin aka koma kanta. Babanta, mai gyaran agogo, ya ce tunda yatsunta na da sauri gara ta koyi bugun rubutu. Ta koya, ta samu aiki a kotu tana da shekara ashirin da huɗu, ta auri direban babbar mota, ta haifi 'ya'ya huɗu. Babbar ce ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma Anti takan ce 'yar ta ƙarasa mata karatun da ta bari a ƙasa.

Gwanintarta ita ce karanta rubutun alƙalai. A da alƙali ne yake rubuta duk abin da aka faɗa a zaure da hannunsa, in an tashi a kawo mata littafin ta buga. Akwai alƙalin da rubutunsa ko shi kansa in ya kwana biyu ba ya gane shi, sai ya aiko a tambaye ta me ya rubuta. Shekara ashirin da bakwai tana wannan aiki, kuma a cikinsu ba ta taɓa zama a zauren kotu an yi shari'a a gabanta ba. Ta san masu ƙara da waɗanda ake ƙara da shaidu ɗari-ɗari, amma a kan takarda ta san su. Ba ta san muryar kowa ba.

Wata ranar Litinin aka sauke kwalaye a ƙofar zaure. Rajistara, wato shugaban ma'aikatanmu, ya tara mu ya ce daga yanzu na'ura ce za ta riƙa ɗaukar maganar kowa, Mai Shari'a ta huta da rubutun hannu, a riƙa bugawa daga abin da aka ɗauka. Da aka zo kan wanda zai zauna a gaban na'urar, bai yi dogon tunani ba. Ya ce ai abin da kwamfuta yake haɗe, kuma Anti ce mai kwamfuta.

Injiniyan da ya haɗa kayan yana da kotu uku da zai je a ranar, saboda haka bayanin da ya yi mata bai kai minti arba'in ba, rabinsa ma yana amsa waya. Makirufo huɗu ne: na Mai Shari'a, na shaida, da na lauyoyi biyu. Wayoyinsu duka sun zo sun shiga wani faffaɗan akwati mai kama da tire, wanda ya kira miksa. Kowane makirufo yana da layinsa a jikin akwatin. A saman layin akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, a ƙasa akwai wani da ake turawa sama ko a jawo ƙasa. A gefe kuma jerin ƙananan fitilu ne masu hawa da sauka in ana magana, kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a can ƙarshe.

Lambobin da ke jikin fitilun ne suka fara ɗaure mata kai. A ƙasa an rubuta sittin da alamar ɗebewa a gabanta, sai arba'in, sai talatin, suna raguwa yayin da ake hawa, har aka kai kan jar fitila, inda aka rubuta sifili. Ta tambaye shi ko an manna takardar a juye ne. Ya ce a'a, haka take, sifili shi ne ƙarshen ƙarfi. Ta ce ita a saninta sifili babu ne. Ya ce a nan ba babu ba ne, a nan cika ne, ya duba agogonsa. Abu biyu ta samu ta rubuta a littafinta kafin ya fita: kada magana ta kai sifili, kuma a kula da gen. Gen shi ne sunan maɓallin da ake murɗawa, amma bai nuna mata shi lokacin da yake faɗa ba. Ita ta ɗauka janareta yake nufi. Kwana uku tana aiken tsohon masinjanmu bayan gini ya duba mata ko janareta na lafiya, yana dawowa yana ce mata lafiya lau yake.

Aka sa mata ƙaramin tebur ƙasa da kujerar Mai Shari'a. Ranar farko ta sa sabuwar atamfa, ta ɗora abin saurare a kan ɗankwalinta, ta zauna a miƙe kamar ita za a yi wa shari'a. A nan ta gano abin da takarda ba ta taɓa gaya mata ba: mutane ba murya ɗaya gare su ba. A littafin alƙali maganar kowa girmanta ɗaya. A zaure kuwa akwai lauyan da muke ce wa Tsawa, wanda in ya ce a yi masa afuwa ma sai taga ta amsa. Akwai shaidun da in suka shiga akwati sai muryarsu ta koma cikin ƙirji, su riƙa magana da takalmansu.

Ta yi abin da kowa zai yi. Da shaida ya yi magana ba ta ji ba, sai ta tura maɓallin ƙasa har ƙarshe. Muryar ta ɗan taso, amma tare da ita wani shuuu ya taso, kamar ruwan sama a kan kwano, har da ƙugin fanka da ba ta san makirufo yana ji ba. Sai ta bar wannan ta murɗa na sama. Muryar ta fito tas, ta ji daɗi, sai Tsawa ya miƙe daga can gefe ya yi magana, duk fitilun suka tashi ja, muryarsa ta fashe a kunnenta kamar ana yaga buhu. Ta yi sauri ta jawo maɓallin ƙasa. Ƙarar ta ragu, amma fashewar tana nan, sai dai ta koma ƙarama.

"Na rage shi fa," ta ce da ni da aka tashi. "Da hannuna na rage shi. In ka rage wa tukunya wuta ai tafasa tsayawa take yi. Wannan ya ragu amma bai daina ba."

Na ce ko ta kira injiniyan. Ta kira, ya ce ta saita gen tukuna sannan ta taɓa sauran, ya kashe waya. A ranar ne dai ta gane gen ba a bayan gini yake ba, ta ba masinja haƙuri.

A gida ta kai kukanta wurin maigidanta. Shi ya ce na'ura duk ɗaya ce da mota, in ta yi gardama a kashe ta a sake tayarwa. Amma ya tuna mata da wansa, wanda ya yi shekara talatin yana ɗaukar shirye-shirye a gidan rediyo zamanin kaset da manyan faya-fayan zare. Ranar Asabar suka je. Yaya, kamar yadda take kiransa, ya saurare ta har ƙarshe yana murmushi, sannan ya ce yaran yanzu tsoro ne ya yi musu yawa. Ya ce su a zamaninsu a kan sifili suke zaunar da allura, in ta ɗan leƙa cikin ja ma ba laifi, a nan murya take yin kauri da daɗi. Wanda ya tsaya can ƙasa, in ji shi, shuuu kawai yake tara wa kansa.

Ta dawo da magana biyu a hannu. Injiniya ya ce kada a kai sifili. Yaya ya ce a zauna a kan sifili. Injiniya minti arba'in ya ba ta yana kallon agogo, Yaya kuwa wuni guda ya ba ta har da rakiya bakin titi, ga furfura, ga shekara talatin. Ta bi Yaya.

A makon ne aka saurari shari'ar wata mota da ta afka cikin shago. Mutum biyu ne a motar, kowa yana cewa ɗayan ne ke tuƙi, kuma shaida ɗaya ne tak, wani tsoho mai gadin gidan da ke kallon shagon. Ba a buƙace ni a zaure ba ranar, domin harshen kotu tsohon yake ji. Muryarsa ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Anti ta yi ta murɗa maɓallinsa har sai da raɗarsa ta riƙa taɓa jar fitila, yadda Yaya ya ce. Aka tambaye shi ko ya ga wanda ke tuƙi. Daidai lokacin da ya buɗe baki, Tsawa ya zabura ya ce bai yarda da yadda aka yi tambayar ba, yana tsaye taku biyu daga akwatin shaida. Makirufon da aka buɗe wa raɗa ya haɗiyi tsawa. Mai Shari'a ta tsawata, aka wuce zuwa wata tambaya, kowa yana ganin ai na'ura ta ɗauka.

Da ta zo bugawa washegari, wurin amsar ba abin da ke ciki sai ƙara mai kama da karyewar kara, da wani guntun sauti a tsakiya mai kama da "gan shi". Ko "na gan shi" ne, ko "ban gan shi ba", ba a sani ba. Ta maimaita wurin ya fi sau hamsin. Ta rage ƙara, ta ƙara, ta saurara da kunnen dama, ta saurara da na hagu. Ta ba ni na saurara, na ji "na gan shi". Rajistara ya saurara ya ji "ban gan shi ba". Masinja ya ce shi tari ya ji. Lauyoyin biyu kuwa kowa ya tuna amsar da ta yi masa daɗi. Injiniya a waya ya ce abin da ya kai sifili an aske masa kai ke nan, ba ya tsirowa, babu kwamfutar da za ta dawo da shi.

Ita da kanta ta shiga wurin Mai Shari'a, wadda ta girme wa da kusan shekara goma. Ta tsaya da littafinta a hannu ta ce, "Ranki ya daɗe, shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɓatar da kalmar kowa ba. Jiya na ɓatar da ta tsohon nan, kuma ban san yadda na yi ba, balle in ce ba zan sake ba."

Mai Shari'a ba ta yi faɗa ba. Ta ce a sake kiran shaidan. Bayan mako uku aka kawo shi, 'yarsa tana riƙe da hannunsa domin ƙafa ta matsa masa. Da aka sake yi masa tambayar sai ya nuna teburin Anti ya ce ai ya riga ya faɗa, a tambayi na'ura, abin da ya gaya mata ranar shi ne gaskiya. Anti ta sunkuyar da kai. Sai da aka lallashe shi sannan ya ce motar ya gani, ya kuma ga mutum a ciki, amma fuska bai gani ba, rana ta haske gilashi. Har yau ba mu san wanne daga cikinmu ya ji daidai ba.

Ta roƙi rajistara ya mayar da ita ofis ya ba wani. Ya ce wa zai ba, masinja? Daga nan ta koma ɗaya gefen. Ta murɗe duk maɓallan sama zuwa ƙasa, yadda ko Tsawa ya yi ihu fitila kore biyu kawai ke motsi. Ja bai sake fitowa ba, amma yanzu in ta zo bugawa sai ta ƙure ƙarar abin saurare, ta danna shi a kunne da hannu ɗaya, tana buga rubutu da ɗayan, tana tsintar kalmomi a cikin shuuu. Aikin awa biyu ya koma na wuni. Ta fara ciwon kai, kunnenta ya riƙa yi mata ƙara ko a gida. Maigidanta ya ce yana yi mata magana sau uku kafin ta waiga. Babbar 'yarta ta kai ta aka gwada kunnen, aka ce lafiyarsa ƙalau, gajiya ce. Anti ta ce da ma an ce kunnen ne, da ta san abin da ke damunta.

Haka aka yi wata biyu, har aka kawo shari'ar Mai Sauti. Mutum ne ɗan kimanin shekara arba'in da biyar, mai ba da hayar lasifika da makirufo ga masu taro. Shagonsa bango ɗaya ne da wata makarantar ƙananan yara, kuma shugabar makarantar ce ta kai shi ƙara, ta ce kullum da hantsi yake gwada manyan lasifikunsa, har allo yana rawa. Ranar da ya shiga akwati ya ba da bayani, hankalinsa ba ya kan shari'ar. Idonsa yana kan teburin Anti. Sau biyu Mai Shari'a tana maimaita masa tambaya.

Da aka tafi hutun rabin awa ya matso, ya rusuna, ya ce, "Anti, ki gafarce ni, wa ya saita miki wannan haka?"

Ta juya masa ƙeya. Dokar aiki ce, ma'aikacin kotu ba ya hira da mai shari'a a gaban kotu, kuma ita ba ta taɓa karya ta ba. Sai ya juyo wurina, da yake ya ga ni ne tafinta. Ya ce in gaya mata na saman ya yi ƙasa da yawa, na ƙasan kuma ya yi sama da yawa. Tana jinsa, yana ganinta, harshensu ɗaya. Na buɗe baki zan fassara, ban san daga wane harshe zuwa wanne ba. Ita kuma ta ce da ni in gaya masa ba ta ji abin da ya faɗa ba.

Amma ta ji, kuma abin ya hana ta sakat. In ta gyara bisa maganarsa, ta karɓi alheri daga wanda ake ƙara. In ba ta gyara ba, ta bar aiki a lalace da saninta. In ta yi shiru kuma wani ya gan su, me za a ce? Kafin a koma zama ta shiga ta gaya wa Mai Shari'a komai. Mai Shari'a ta kira lauyoyin biyu, ta faɗa musu, aka tsaya a kan cewa kada a taɓa komai sai an yanke hukunci, bayan nan in Mai Sauti ya ga dama ya zo ya gyara.

Hukuncin bai yi masa daɗi ba. An hana shi kunna lasifika sai an tashi daga makaranta. Mun ɗauka ba zai sake taka ƙofarmu ba. Washegari da azahar, zaure ba kowa, sai ga shi da ƙaramar sukurdireba a aljihun gaba.

Abin da ya fara yi shi ne ya jawo maɓallan ƙasa duka huɗun ya tsayar da su a kan wani layi mai kauri, ya ce a nan za su zauna, a kan sifili. Anti ta ajiye biro. Ta ce wane sifili kuma, ba an ce kada a kai sifili ba? Ya ce wancan na fitila ne, wannan na maɓalli ne. Na fitila yana nufin an cika, ba sauran wuri. Na maɓalli yana nufin ba a ƙara ba, ba a rage ba, yadda murya ta shigo haka za ta wuce. Ta leƙa, ga shi kuwa an rubuta sifili, da lambobi a samansa da ƙasansa. Wata uku tana tura maɓallin yana wuce shi ba ta lura ba.

Ya ce mata murya ta sama take shigowa, wurin gen. In ta fashe a nan, duk abin da aka yi a ƙasa fasasshiya za a rage ko a ƙara. In kuma ta shigo a raunane, duk turin da aka yi a ƙasa da ita da shuuu za a tura tare. Saboda haka a sama ake gyara, sau ɗaya, kafin a fara. Ya sa ni na shiga akwatin shaida na yi magana yadda mutane suke yi, yana murɗawa a hankali har fitilu suka riƙa wasa wajen sha takwas. Ya ce in ɗaga murya kamar an ɓata mini rai. Na ɗaga, suka hau zuwa shida suka tsaya. Ya ce wannan tazarar da ta rage tsakanin shida da sifili ba asara ba ce, ta ko-ta-kwana ce, domin mutum ba ya sanar da kai kafin ya yi ihu. Sannan ya yi abin da ba wanda ya yi tunaninsa a cikinmu. Ya kwance wuyan makirufon shaida da sukurdirebarsa ya matso da shi kusa da baki, ya juya bayansa ga wurin lauyoyi, ya kuma ture na Tsawa baya da kamu biyu.

Ta tambaye shi dalilin da ya sa lambobin suke tafiya da baya. Ya ce wallahi bai sani ba, shi aji uku ya bar makaranta, da launi yake aiki da kunne. Sai ta gaya masa maganar Yaya, tana so ta ji wanda ya yi kuskure. Ya ce Yaya bai yi kuskure ba. Na'urorin da suna da nasu sifilin, kuma sama da shi akwai sauran wuri, shi ya sa suke leƙa ja ba abin da ya faru. Sifilin Yaya, in ji shi, kusan a nan wajen sha takwas yake zaune a wannan na'urar.

"Wato sifili uku ne," in ji Anti.

Ya ce in za a bi ta haka, e. Ta rufe littafin. Ta hau kujera ta sauko da wata tsohuwar kwalbar farin ruwan goge kuskure daga bayan tafireta, ta ɗiga mata ruwa ta farfaɗo, ta sa ɗigo fari a inda kowane maɓalli ya tsaya. Ta ce ita da ɗigo za ta yi aiki, masu sifili su riƙe kayansu.

Ba a nan ruɗanin ya ƙare ba. Daga baya ta gano kwamfutar ma tana da nata wurin ƙara murya, abin saurare yana da nasa, ga wani babban maɓalli a ƙarshen akwatin da yake ɗaga kowa gaba ɗaya. Wuri biyar ke nan da za a iya ɗaga muryar mutum ɗaya, kuma har yau in wani abu ya canza sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana magana da kanta. Ɗigon ma ba ya yi wa kowa daidai, tunda kowane shaida da irin muryarsa. Don haka Mai Shari'a ta ba ta izini, kafin a rantsar da shaida, ta sa shi ya yi 'yar magana ta gwaji. Ranar farko da ta miƙe ta ce wa wani shaida ya faɗi yadda ya zo kotu yau, kowa ya waigo, domin ba a taɓa jin muryarta a zauren ba. Mutumin ya ɗauka shari'ar ce aka fara, ya soma daga fitowarsa gida, da motar da ya shiga, da inda ta lalace. Sai da Mai Shari'a ta tsayar da shi.

A watan jiya aka kawo wata mata ta ba da shaida a kan ƙaninta, magini, wanda katakon da yake tsaye a kai ya karye da shi daga hawa na uku. Ita ce ta kai masa abinci wurin aikin a ranar, a gabanta abin ya faru. Muryarta ƙasa-ƙasa take, Anti ta gwada ta, ta saita, ta bar tazarar da aka ce ta bari. Matar ta yi bayani tiryan-tiryan har ta kai inda ta ce ya ɗago hannu ya gaishe ta daga sama. Daga nan maganar ta tsinke, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ake yi da dukan ƙirji. Ina tsaye kusa da ita, ina ganin teburin. Fitilu suka tashi daga kore suka shiga rawaya, suka hau har ta ƙarshe kafin ja, suka tsaya a nan suna rawa. Hannun Anti yana sama da maɓallin, bai taɓa shi ba.

Da muka koma ofis ta kunna don ta buga. Komai ya fito, ba fashewa, ba shuuu. Ana jin kukan, ana jin jan numfashin da ke tsakaninsa, ana jin ƙarar kujerar Mai Shari'a lokacin da ta miƙa a ba matar ruwa. Minti ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Anti ta zauna da yatsunta a kan madannai, ba ta buga komai ba. A littattafan alƙalai da ta yi shekaru tana bugawa ba ta taɓa cin karo da kuka ba, alhali dole an yi shi.

Ta je ta tambayi rajistara abin da za ta rubuta a wurin. Ya ce kalmomi ake bugawa, in ba kalma a tsallake. Ta tambayi Mai Shari'a, ta ce ta sa "shaida ta dakata". Ta dawo ta buga kalmomin uku, ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta juyo ta tambaye ni, ni da nake fassara, me nake yi in mutum ya fashe da kuka a tsakiyar magana. Na ce shiru nake yi har ya gama. Ta ce to ita ba a ba ta wurin yin shiru a takarda ba.

Ta fitar da shafin, ta sa hannu, ta jera shi a fayil. Da za ta rufe kwamfutar sai ta tsaya, ta koma wurin rajistara ta tambaye shi abin da ake yi da muryoyin bayan an buga su, ajiyewa ake yi ko gogewa, kuma in ajiyewa ne har yaushe, wa kuma ke da izinin saurara. Ya ce ba a aiko da wannan a takardar da ta zo da kwalayen ba, amma zai rubuta sama ya tambaya. Wata goma sha huɗu suka rage mata ta yi ritaya. Duk ranar Litinin takan leƙa ofishinsa ta tambaya ko amsa ta zo, yakan ce tukuna.